Ƙasurgumin Malami da Sauran Maganganun da Suka Ishi Kunne

Ran nan na halarci wani taron ƙaddamar da littafi a cikin gari. Aka ba wani saurayi mai zaƙin murya aikin gabatar da baƙi, ya kuwa riƙe lasifika kamar da ita aka haife shi. Da ya zo kan babban baƙo mai jawabi, wani dattijo wanda ya shekara fiye da talatin yana karantarwa, sai ya gyara tsayuwa ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ga ƙasurgumin malami, wanda ya taka rawa iri-iri a cikin garin nan!" Wuri ya kaure da tafi. Ni dai dattijon nake kallo, na ga ya sunkuyar da kai yana ta gyaran hularsa ba gaira ba dalili. Wani tsoho da ke zaune kusa da ni ya matso ya raɗa mini a kunne, "Yaro, me malamin nan ya sata?"

Tsohon yana da gaskiya. A Hausar da muka tashi muka tarar, ƙasurgumi abokin tafiyar ɓarawo ne da ɗan fashi, kamar yadda tantiri yake tafiya da ɗan iska, riƙaƙƙe kuma da maƙaryaci. Malami kuwa mashahuri ne, ko babba, ko shehi, ko a ce kogi ne. Saurayin nan bai yi nufin cin mutunci ba. Ya ji kalmar tana da nauyi a baki, tana cika lasifika, sai ya ɗauka duk abin da ya yi nauyi yabo ne. Abin da ya fi damuna shi ne tafin. Zaure cike da mutane, galibinsu sun yi makaranta, wasu ma Hausar suka karanta, amma ba wanda kunnensa ya yi ƙaiƙayi sai tsoho guda.

Tun daga ranar na sami ɗan littafi ina rubuta irin waɗannan maganganu duk inda na ji su, a rediyo, a wurin taro, a ofis, har da cikin aji. Kafin wata biyu littafin ya cika. Ga kaɗan daga ciki, in Edita ya ba ni fili.

Bari in fara da rawar da aka ce malamin ya taka, gama ita ce ta fi kowace yawa a littafin nawa. Yanzu kowa rawa yake takawa. Liman ya taka rawa wajen sulhunta ma'aurata, marigayi ya taka muhimmiyar rawa a zamaninsa, har na ji wani likita yana cewa sauro yana taka rawa wajen yaɗa zazzaɓi. Maganar daga Ingilishi take. Su Turawa daga dandamalin wasan kwaikwayo suka ɗauko hoton, inda ake raba wa kowane ɗan wasa abin da zai fito ya yi, sai suka riƙa kwatanta aikin mutum a cikin kowace harka da wannan rabo. A ganina mai fassara ya zo ne ya tarar muna da "rawar gani", wadda tamu ce tun daga dandali, sai ya ɗauki rawar ya ɗora mata kayan Bature. To, rawar gani yabo ce, kowa ya san haka. Amma rawa ba a auna ta da muhimmanci. Ko dai ta yi kyau ko ta ɓaci.

Hasarar da muka yi a nan ta wuce abin dariya. Hausa tana da hanyoyi da yawa na faɗin yadda mutum ya shiga cikin al'amari. Idan ya tsaya tsayin daka, yabo ne. Idan ya yi uwa ya yi makarɓiya, an nuna ya kankane kome ya hana kowa. Idan shi ne kanwa uwar gami, zargi ne ƙarara. Idan da hannunsa a ciki, tuhuma ce. Kowace ɗaya tana tilasta wa mai magana ya nuna inda ya tsaya. "Taka rawa" ba ta tilasta maka kome. Kana iya cewa wane ya taka rawa a rikicin gari kaza, ka tashi abinka lafiya, ba wanda zai san ko kashe wutar ya yi ko hura ta. Saboda haka ne marubuci malalaci da marubuci matsoraci suka haɗu a kanta.

Ƙanwarta ita ce "masu ruwa da tsaki". Wannan kam Hausa ce tsantsa. Wanda ya yi ruwa ya yi tsaki a cikin sha'ani shi ne wanda ya shiga cikinsa dumu-dumu, ya sha wahalarsa, ba ya da wurin gudu in abin ya ɓaci. Yau kuwa masu ruwa da tsaki su ne waɗanda aka aika wa katin gayyata. A kira taro a kan tsadar taki a babban otal, a ce an tara masu ruwa da tsaki, ka duba zauren daga farko har ƙarshe ba ka ga mutum guda mai kanta a tafin hannu ba. Manomin da abin ya shafa yana can ƙauye, a rediyo zai ji an yanke shawara a madadinsa. Iyakar tsakin da ya rage masa shi ne wanda zai ja da bakinsa.

Galibin waɗannan maganganu daga ɗakin labarai suke fitowa, kuma ba da raini nake faɗin haka ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya cikin watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana edita. Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Babu wata makaranta da ta kai waɗannan gidaje haɗa kan Hausar mutumin Agadas da ta mutumin Kumasi. Ta bakinsu ne muka saba da Majalisar Ɗinkin Duniya, da jirgi mai saukar ungulu, da yaƙin cacar baka, da ƙuri'ar raba gardama. Dubi yadda aka yi waɗannan. Mai fassara ya tsaya ya fahimci abin, sa'an nan ya tambayi kansa yadda Bahaushe zai kwatanta shi, har ya tuno da yadda ungulu take sauka. Tsohuwar da ba ta taɓa ganin jirgin ba tana jin sunan za ta hango shi.

Amma aikin yana da wani hali. Labari da Ingilishi yake zuwa, daga kamfanonin dillancin labarai ko daga takardar sanarwar hukuma, mai fassara kuwa agogo yana kansa. Dole ya tanadi wa kowace kalmar Bature abokiyar zama guda ya ajiye a aljihu, da ta ɓullo ya zaro tata ya manna. Yau da gobe sai auren ya zama na dindindin. Da gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita daga shekarun 2000, sa'an nan wayar hannu da Facebook suka mai da kowa ɗan jarida, sai aka sami dubban mutane suna kwaikwayon amon labarai ba tare da sun koyi horon da ke bayansa ba.

Ɗauki "ya bayyana cewa". Kalmar "ce" ta kusa mutuwa a labarai, wai ta yi ƙanƙanta ga bakin manya. Gwamna ba ya cewa, sai dai ya bayyana, sa'an nan ya ƙara da cewa, kana kwamishina a nasa ɓangaren ya jaddada. Alhali kuwa bayyanawa fito da abin da ke ɓoye ne, kamar yadda wata yake bayyana, kuma abin da ya bayyana akwai shi ke nan. Idan na rubuta "kwamishina ya ce an biya kowa albashi", na bar maganar a wuyansa. Idan na rubuta "kwamishina ya bayyana cewa an biya kowa albashi", na sa hannu na zama shaidarsa, ko da ban tambayi malamin firamare ko guda ba.

Haka nan "ya sha alwashi" da "ya lashi takobi". Shugaban ƙaramar hukuma ya sha alwashin haƙa rijiya. Da wa yake faɗa? Alwashi a kunnena na ɗan dambe ne kafin a shiga fage, ko na wanda aka ɓata wa rai ya ce sai ya rama. Akwai cika baki a ciki, akwai kuma abokin gaba. Abin da shugaban ya yi sunansa alkawari, kuma da an kira shi da sunansa da mutanen ƙauye sun san suna bin sa bashi, tun da alkawari kaya ne. Alwashi kuwa ba a zuwa karɓarsa. In ɗan dambe ya sha alwashi aka kayar da shi, dariya kurum ake yi a watse. Ita ma "Allah wadai" da can tsinuwa ce mai sa jikin mutum ya yi sanyi, uba ba ya furta ta ga ɗansa sai tura ta kai bango. Yanzu kowace safiya ana kashe mutane, kowace yamma wani yana yin Allah wadai da kakkausar murya, a buga a rufe fayil.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne maganar mutuwa. Ɗaliban nahawu sun san tsarin aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, sun kuma san "rasu" tana aji na bakwai, tare da irin su taru da gyaru da dafu, watau abin ya auku a kan mai shi. Mamaci rasuwa yake yi. Mu da muka saura mu ne muke rasa shi, shi ya sa ake cewa an yi mana rashi. To, daga ina "ya rasa ransa" ta fito? Daga harshen da yake ɗaukar rai a matsayin kayan mutum, kamar agogo ko walat, wanda zai iya faɗuwa daga aljihu. Bahaushe bai taɓa ɗaukar rai nasa ne ba. Cewa yake wa'adi ya yi, ko ya cika, ko rai ya yi halinsa, ko ya riga mu gidan gaskiya. Duk waɗannan suna nan da ransu a bakin tsofaffi a zauren makoki, sai mu masu karatu muka ga sun yi mana ƙauyanci.

"Rasa rai" dai baƙuwa ce kurum, ba ta zagin kowa. "Hallaka" ita ce mai dafi. Shekarun baya wani ɗan gwaggona ya rasu a hatsarin mota a hanyarsa ta zuwa cin kasuwa. Da daddare muna zaune a tsakar gida, wani ya kunna rediyo, sai ga labarin, aka ce mutum kaza sun hallaka a kan hanya kaza. Gwaggo ta ɗago kai ta dube ni, don ni ne ɗan boko a gidan, ta ce, "Halaka kuma? Yaron da ya yi sallar asuba a gabana ya fita?" Na ce, "Gwaggo, haka suke faɗa, ba abin da suke nufi ke nan ba." Ta ce, "To, su faɗi abin da suke nufi mana." Ban sami amsa ba. A wurinta, da wurin duk wanda ya yi karatun allo ya zauna gaban malami, halaka ita ce taɓewa, ƙarshen wanda aka yi fushi da shi. Mai karanta labarin yana neman kalma mai ƙarfi ne don ya nuna munin hatsarin, bai san ya yanke wa mamatan hukunci a kunnen iyayensu ba.

Kusa da wannan akwai rikita jaje da ta'aziyya. Wanda gobara ta ci rumbunsa, ko ɓarayi suka kore masa shanu, ko ya karye a hanya, jaje ake yi masa, a ce Allah ya mayar da alheri, Allah ya kiyaye gaba. Wanda aka yi wa mutuwa ta'aziyya ake yi masa, a ce Allah ya jiƙansa, ya ba da haƙuri. Yau sai ka ji an ce tawaga ta je ta jajanta wa iyalan marigayi, kamar akuya ce ta ɓace musu.

Sai "iftila'i", wadda ta zama bargon rufe sakaci. Iftila'i jarrabawa ce daga Ubangiji, ba wanda yake da ja a kanta. Amma yanzu duk abin da ya faru iftila'i ne: ginin da aka rage wa siminti ya rufta, wayar lantarkin da aka yi wa haɗin gambiza ta tayar da gobara a kasuwa, kwale-kwalen da aka cika fiye da kima ya kife. Cikin watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. Wannan madatsa ta taɓa jawo wa birnin ambaliya a 1994. Duk mai hankali zai so ya tambayi abin da aka yi mata cikin shekara talatin ɗin da ke tsakani. To, da zarar an ce iftila'i, wanda ya yi tambayar sai a dube shi kamar mai jayayya da ƙaddara. Kalma guda ta sallami kowa.

A ofisoshi kuma akwai wasu 'yan uku da ba sa rabuwa: "ana nan ana dubawa", "in sha Allahu", da "sai haƙuri". Na taɓa bin wata takarda tawa a wani ofis har wata huɗu. Zuwan farko ana dubawa. Zuwa na biyu in sha Allahu mako mai zuwa. Haka muka yi ta yi, har ran da wani masinja ya ji tausayina ya ja ni gefe ya ce, "Malam, in ka ji Oga ya ce in sha Allahu bai ɗago kai ba, to babu ke nan. In da akwai, cewa zai yi ka dawo ran Laraba." Watau har an sami ƙamus na ɓoye, inda maganar da aka koya mana don mu jingina niyyarmu ga Mai iko ta koma hanyar cewa a'a ba tare da an haɗa ido ba. Tela ya san wannan, mai cin bashi ya sani, ɗan takara ya fi kowa sani. Da takardar ta tabbata ta ɓace, sai aka ce mini sai haƙuri. Haƙuri abu ne da wanda aka cuta yake bayarwa don kansa, ko wanda ya yi laifi ya roƙa bayan ya amsa laifinsa. Wanda ya ɓatar da takardar kuwa umarni ya ba ni da shi, ya ci gaba da cin gyaɗarsa.

Rantsuwa ma haka. Mun san rantsuwar da aka ƙulla aka karya tana da kaffara, ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, in babu hali azumin kwana uku. Duk da haka yaro ɗan shekara bakwai ba ya iya cewa ya ci abinci sai da wallahi. Da wallahi ta daina sayen kome aka ƙara tallahi, da ita ma ta faɗi aka koma "na rantse da Alƙur'ani". Abin ya yi kama da labarin kwabo. A 1939 kwabo guda yana sayen jarida sukutum. Aka zo 1973 aka canja kuɗi zuwa naira da kwabo, yau kuwa ko almajiri ka miƙa wa kwabo sai ya dube ka.

Ba zan daɗe a kan laƙabi ba, don kowa ya gani da idonsa. Mai babbar riga Alhaji ne, mai farar riga a kemis Dakta ne, wanda ya taɓa tsayawa takarar kansila ya faɗi Honarabul ne har kabari. Guda ɗaya kurum zan tsaya a kai, watau "jarumi". Su Kasimu Yero da Samanja da Karkuzu sun shekara da shekaru suna cika gidaje da dariya da tunani, 'yan wasa ake ce musu, ba su kuma ji an rage su ba. Da finafinan bidiyo suka kankama a Kano daga 1990, aka ɗauko tsarin finafinan Indiya inda kowane labari yake da gwarzonsa, sai sunan ya tashi daga kan wanda ake kwaikwaya ya koma kan mai kwaikwayon. Yanzu yarinyar da ta fito sau ɗaya ta ajiye tire ta fita, jaruma ce. Ran da wani ya faɗa rijiya ya ciro yaro, da wane suna za mu kira shi?

To, 'yan'uwa ɗalibai, kada mu yi ta nuna 'yan jarida da yatsa, mu leƙa namu ɗakin. Ku je ɗakin karatu na sashe ku ɗauko kundayen digiri goma, ku buɗe babi na biyu. In ba ku sami "masana da dama sun tofa albarkacin bakinsu" a cikin mafi yawansu ba, ku zo in saya muku shayi. Kullum masana suna tofi, har takardar ta jiƙe, amma ba a gaya mana wanda ya fi gaskiya a cikinsu, ko inda biyu suka saɓa, ko dalilin saɓanin. A jero ma'ana biyar ta karin magana daga mutum biyar, sa'an nan a rufe da "idan muka yi la'akari da waɗannan ma'anoni za mu ga cewa", a kawo ta shida wadda ba ta da bambanci da ta farko. Babi na ɗaya kuwa dole ya fara da "tun kafin zuwan Turawa", ko da a kan waƙoƙin talla na rediyo ake bincike. Wane ƙarni ake nufi? Zamanin Sarkin Kano Rumfa kafin zuwan Turawa ne, shekarar 1900 ma a Kano kafin zuwansu ce, tsakaninsu kuwa shekara ɗari huɗu.

Na kuma lura "ko shakka babu" tana zuwa ne daidai wurin da shakka ta fi yawa. Inda marubuci yake da hujja, hujjar yake kawowa. Inda ba shi da ita sai ya buga ƙafa. Abokiyar aikinta ita ce "Bahaushe ya ce", wadda ake jingina wa Bahaushe duk abin da aka ga dama da ita, har da maganganun da aka fassaro jiya daga littafin Turanci. Shafin godiya ma yana da nasa. Na karanta inda wani ya gode wa mahaifiyarsa "wadda ta yi namijin ƙoƙari wajen renona". Baiwar Allah ta yi goyon ciki wata tara, ta yi na baya shekara biyu, aikin da babu namijin da ya taɓa yin sa, sa'an nan ladanta shi ne a kwatanta ta da namiji.

Allah gafarta malamai, a nan kuna da kaso. Jan birunku yana kama "ƙ" da aka rubuta ba lanƙwasa, yana kama "ke nan" da aka haɗe, amma yana tsallake shafi guda cur wanda bai ce kome ba. Wasu daga cikin maganganun nan ma, in za a faɗi gaskiya, a takardunku muka gan su muka ɗauka su ne rigar ilmi. Ɗalibi yana tsoron ya rubuta "ban yarda da wane ba, ga dalilina", don kada a ce ya yi rashin kunya, sai ya fake a bayan tofin masana.

Wani abokina mai nazarin kimiyyar harshe ya karanta littafin nawa ya yi dariya. Ya ce aikin banza nake yi, harshe ba ya tsayawa wuri guda, abin da jama'a suke faɗa shi ne daidai, kuma da irina ne suke da iko da har yanzu ba mu karɓi mota da tebur da asibiti ba. Ya tuna mini alƙalamin da nake rubutu da shi da littafin da nake rubutawa a ciki duka daga Larabci suke, kwabon da nake misali da shi kuma daga Ingilishi. Na yarda da rabin maganarsa. Wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ya ajiye shi kusa da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 zai ga kalmomi sun mutu, wasu sun shigo, wasu sun canja sheƙa, Hausa kuwa ba ta mutu ba. Ina ma tsammanin jarumi ya riga ya tafi, rawa kuma za a ci gaba da taka ta ko na so ko na ƙi.

Inda muka rabu da shi shi ne, mota da ta shigo ba ta kori kowa ba, wuri ta tarar babu kowa ta zauna. Amma idan alwashi ya haɗiye alkawari, jaje ya haɗiye ta'aziyya, iftila'i ya haɗiye sakaci, to abu biyu da muke iya bambantawa jiya sun koma ɗaya, kuma a kowane misali akwai wanda ya ci ribar haɗewar. Mai kimiyyar harshe aikinsa ya rubuta abin da ya ji, ba na musun wannan. Ni kuwa mai amfani da harshen ne, ina cikin jama'ar da ya ce su ne alƙalai, ƙorafina ma wani yanki ne na abin da ya kamata ya rubuta. Ga shi kuma yanzu abin da muka rubuta ba ya tsayawa a takarda. Tun 2013 Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara, irin waɗannan na'urori kuwa daga rubutun mutane suke koyo, su dawo mana da abin da muka zuba musu, yara su kwafa su kai aji. A Nijar kuma dokar da aka fitar cikin watan Maris na 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. In har za a rubuta doka da hukunci da takardar asibiti da harshen nan, lalle ne "ya ce" da "ya bayyana" su kasance abu biyu.

Saboda haka ina da shawara ga shugabannin Ƙungiya. A taronmu na gaba a ajiye gwangwani a kan teburin shugaba. Duk wanda ya ce "ba tare da ɓata lokaci ba" bayan ya share minti goma yana gaishe da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, ya jefa naira hamsin. Wanda ya ce "a taƙaice" ya wuce minti biyar, naira ɗari. Wanda ya ce "daga ƙarshe" sau biyu a jawabi guda, ɗari biyu, malami kuwa ninki. Abin da aka tara a sayi ƙamus a ajiye a ofishin Ƙungiya. Na riga na yi magana da Ma'aji, ya ce gwangwanin madara ba zai isa ba, zai zo da na man gyaɗa.